Ranar da Na'ura Ta Raɗa Suna

A gidajen hayar nan masu bene da ke bayan kasuwar Wuse babu wanda bai san Manniru ba, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a kan aikinsa. Shi dai ya ce gina wa kamfanoni shafukan intanet yake yi. Maƙwabta kuwa kullum a gaban kwamfuta suke ganinsa da gajeren wando, ba bulo ba siminti, sai suka haƙura suka sa masa Oga Injiniya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Aikin yana yinsa da kyau, wannan ba za a ƙwace masa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan latse-latse. Fitilar falonsa sai an yi mata magana take kamawa, kuma ba ta jin Hausa. Butar shayinsa takan aiko masa da saƙo cewa ruwa ya tafasa alhali yana tsaye a kanta. Agogon hannunsa ne ke gaya masa ko ya yi barci mai daɗi, in agogo ya ce bai yi ba, to ranar da hamma zai wuni. Ba a rufa mako mai babur bai sauke sabon kwali a ƙofar gidan ba.

Matarsa Rumasa'u mace ce mai haƙuri. Ta koyi kunna fitila da Turanci, ta kuma koyi ɓoye 'yar tocila a ƙarƙashin filo saboda ranar da fitilar ta ƙi jin Turancin ma.

Da Allah ya ba su haihuwar fari, 'ya mace, sai Manniru ya ga dama ta samu. Surukinsa Alhaji Abdulƙadir babban dillalin kayan marmari ne a kasuwar Zuba, kuma duk lokacin da aka tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa sai ya ce yaron dai yana danne-danne, kuma yana ciyar da iyalinsa. Wannan magana ta daɗe tana ci wa Manniru tuwo a ƙwarya. Ya ƙudura a ransa cewa ranar suna Alhaji zai ga danne-danne da idonsa, a yi sunan da ba a taɓa yin irinsa ba a Abuja.

Ya zayyana wa Rumasa'u tsarin tana zaune tana shan kunun kanwa. Babu katin gayyata na takarda, kowa za a aika masa wata alama mai ɗige-ɗige a waya, ya nuna a ƙofa a duba ya shigo. Za a kafa ƙaton allo a tsakar gida. Daidai lokacin da liman ya faɗi suna, sunan zai bayyana a allon da furanni da taurari, ya kuma shiga wayar kowane ɗan dangi daga nan har Kano har Jidda. Har lokacin ya riga ya saita, domin ya sha halartar suna a unguwar yana auna tsawon addu'ar liman da agogonsa.

Rumasa'u ta ajiye kofi. Mahaifiyarta Hajiya Kubra ta rasu bara, kuma tun daga nan Alhaji bai koma daidai ba, ko dariya sai da ƙyar. Su biyun sun yanke a tsakaninsu cewa ita za a yi wa takwara.

"Ka yi duk abin da kake so," in ji ta. "Abu ɗaya na roƙe ka. Baba bai san sunan Mama za a sa mata ba, bai tambaya ba, kuma na san ba zai tambaya ba. Ina so ya fara jin sa daga bakin liman. Kada ka rubuta shi a ko'ina, kada ka gaya wa kowa."

Manniru ya daki ƙirji ya ce ta dai zuba ido. Sai da safiyar ranar zai sa sunan da hannunsa, aikin da bai kai shan ruwa ba.

To masu gina shafi suna da wata al'ada, ba sa gwada abu da gurbi a buɗe. In wurin suna ne, sai su cusa kowane suna ya zo bakinsu, su ga ko ya zauna daidai, daga baya a cire. Manniru na zaune yana neman abin da zai sa sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarsu ce Clara, ta kawo wa mai jego farfesun kaza. Clara 'yar garin Kwali ce, Kirista, tana da shagon ɗinki a kasuwa, 'ya'yanta duk maza. Ita ce ta tare tasi a bakin titi ta kai Rumasa'u asibiti ranar naƙuda, lokacin da Manniru ke tsaye a falo yana faɗa da manhajar kiran mota. Ya amsa gaisuwarta bai ɗago kai ba, yatsunsa suka rubuta Clara. Sunan ya zauna ɗas a tsakiyar furanni. Ya yi wa kansa tafi, ya rufe kwamfuta, ya tafi ya ga ko za a sam masa farfesun.

Ranar suna tun da sassafe Manniru ya miƙa wa maigadin gidan, Baffa, wata waya, ya nuna masa yadda zai ɗora ta a kan alamar kowane baƙo. In ta yi kore a buɗe, in ta yi ja a tsare. Ya jaddada masa cewa ko ubansa ne ya zo sai ya nuna alama. Baffa, wanda ba a taɓa ba shi muƙami irin wannan ba, ya gyara hula ya tsaya a bakin ƙofa kamar jami'in filin jirgi. Manniru ya hau tsani yana ɗaura allo.

Yana can sama ya fara jin hayaniya a waje. Bai kula ba, sai da wata maƙwabciya, Madam Janet, ta leƙo daga barandar bene da buroshi a baki.

"Oga Injiniya, baƙinka sun cika titi fa. Ko biza suke jira?"

Ya sauko da gudu. Mutanen Zuba ne sun zo mota guda, da a-kori-kura cike da kankana da ayaba da lemo na gudummawa. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne a hannunsu, masu tocila, waɗanda ba su san wata alama ba. Masu manyan wayoyin kuma, saboda zumunci, mutum ɗaya ya tura wa kowa tasa, don haka shi kaɗai ya shige, sauran duk ja. A gaban layin ga Alhaji Abdulƙadir cikin babbar riga, ga liman a gefensa, wanda bai ma fito da waya ba.

"Baffa, yau kuma ba ka gane ni ba?" in ji Alhaji a hankali.

"Na gane ka sarai, Alhaji. Waya ce ba ta gane ka ba."

Liman ya ce shi fa raɗin suna ya kawo shi. Baffa ya russuna ya ce Allah gafarta Malam, Oga ya ce ko ubansa ne. Direbobin tasi da motar kankana ta tare wa hanya suna ta danna oda, masu shara sun jingina tsintsiya suna kallo.

Manniru ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce ƙaramar matsala ce, netwok ne, yanzu zai gyara. Ya karɓi wayar ya latsa nan, ya latsa can, ya ɗaga ta sama kamar mai neman wata. Ya nemi ya ba Alhaji sabuwar alama, shafin ya ce sai Alhaji ya ba da adireshin imel. Alhaji ya ce adireshinsa layin 'yan lemo, kusa da masallaci. Rana ta fara ɗagawa. Daga ƙarshe Manniru ya zare sakata da hannunsa ya wangale ƙofar, yana sanar da jama'a cewa ya sa tsarin a kan buɗaɗɗen shiga. Baffa ya ji haushi ƙwarai, ya ci gaba da ɗora wayar a kan duk wanda ya wuce.

Aka zazzauna a tabarmi, takalma a jere a gefe. Manniru ya ce a ransa bari ya je ya sa sunan, sai ya hango ganyen darbejiya ya zubo a gaban liman. Wannan ba zai yiwu ba a sunan 'yarsa. Maimakon ya sa hannu ya tsince, sai ya shiga ya ɗauko na'urar shararsa, wata aba zagayayya mai kama da murfin tukunya, wadda ke yawo da kanta. Ya ajiye ta ya ce dattawa su kalli ikon Allah.

Abar ta yi ƙara ta doshi tabarma. Ganyen ko kallonsa ba ta yi ba. Ta haye ta nufi ƙafafun mutane, dattawa suka shiga ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar ana wanke masallaci. Wani tsoho mai sayar da ayaba ya ja da baya yana neman tsari, ya tambayi na kusa da shi ko tana cizo. Ta kama jelar carbin liman ta fara haɗiya, liman ya riƙe, ita ma ta riƙe. Manniru ya daka mata tsawa da Turanci, ta amsa masa da muryar mace cewa ba ta fahimta ba. Da ƙyar aka ƙwato carbin. Ita kuma ta juya abinta ta faɗa cikin takalma, ta sa su a gaba tana turawa. Manniru ya ce a ƙyale ta, taswirar gidan take ɗauka.

"Malam Manniru," in ji liman yana duba carbinsa, "a kawo dabino da goro mu yi abin da ya tara mu. Mutane na da kasuwa."

An riga an cika faranti, amma Manniru ya ce a mayar da shi. Zagayawa da faranti aikin da ne. Ya ɗauko ɗan jirginsa marar matuƙi, mai fukafukai huɗu, ya ɗaura masa leda cike da dabino da alawa. Jirgin zai bi layi, ya tsaya a gaban kowa, mutum ya ɗiba. Ya gwada shi jiya a falo, sai dai jiya ledar babu komai a ciki.

Jirgin ya tashi yana kuka kamar an taɓo gidan zuma, nauyi ya rinjaye shi gefe guda. Ya wuce ta kan sahun farko, iskarsa ta kwashe huluna. Wani ya bi tasa da rarrafe. Liman ya dafe rawani da hannu biyu. Madam Janet, wadda yanzu ta jawo kujera baranda, ta ce a bar shi ya hau sama ya kawo musu nasu. Manniru yana ta murza abin tuƙi yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, iska ce. Jirgin ya yi kwana, ya nufi gindin darbejiya inda aka ɗaure ragon suna, ya daki reshe, ledar ta fashe a kan ragon.

Rago ne ƙosasshe, Alhaji da kansa ya zaɓo shi. Ya ji ruwan dabino a ka, ga wani abu na kuka a kunnensa, sai ya ja da baya ya finciko igiya. Abu na farko da ya ci karo da shi teburin da Manniru ya ɗora kwamfutarsa ne. Kwamfuta ta yi sama ta dawo ƙasa ta yi shiru. Ragon ya bi ta cikin tulin kankana da aka sauke, suka watse suna gangarawa ko'ina. Mutanen Zuba, waɗanda kama rago ba baƙon abu ba ne a wurinsu, dariya ta hana su tashi. Baffa ya rufe ƙofa ya tsaya a bayanta. Manniru ne ya bi ragon, sabuwar shaddarsa na jan ƙasa, suka zagaya motar Madam Janet, suka zagaya tankin ruwa, ya zame a kan ɓawon ayaba ya tashi. A bakin matakala ya samu ya cafki ƙahonin, shi na ja rago na ja.

A nan ne agogon hannunsa ya yi ƙara. Ya san ƙarar, domin shi ya saita ta. A lissafinsa, yanzu ne liman ke faɗin suna. Lissafin bai san da zaman da aka yi a bakin ƙofa ba, kuma saƙon ba a kwamfutar yake ba balle faɗuwarta ta tsayar da shi, yana can a intanet yana jiran lokacinsa. Sai a lokacin ya tuna abin da ke cikin gurbin.

Wayoyi suka ɗauki kuka a lokaci guda, manya da ƙanana, domin ya yi alfaharin cewa tsarinsa ba ya wariya, har mai tocila zai samu. Allon ya haska, furanni suka buɗe, taurari suka zubo, lasifika ta saki kiɗa. A tsakiya da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa cikin godiya ga Allah an raɗa wa jaririya suna Clara.

Kowa ya dubi wayarsa, ya dubi allo, ya dubi liman.

"Ni dai ban raɗa ba," in ji liman.

Sai ga guɗa daga ɓangaren mata, amma ta mutum ɗaya. Clara ce ta fito da gudu, ludayi a hannu, ɗankwali ya zame, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta zube a gaban Alhaji tana godiya da Hausarta ta kasuwa. Ta ce ita wace ce da za a yi mata wannan, ta ce Allah bai ba ta mace ba amma yau ya ba ta, ta ce ta riga ta kira mamanta a Kwali, tsohuwa na can tana rawa, za ta taho da tukunyar da ta gina da hannunta. Wayar Alhaji ta shiga ruri, ƙanwarsa ce daga Kano. Bai ɗauka ba, ta katse, ta sake kira.

Manniru ya saki rago. Ya dubi fuskar surukinsa, kuma tun da aka fara wannan sha'ani sai yanzu tsoro ya kama shi da gaske. Da Alhaji ya yi faɗa da da sauƙi. Tsohon kallon allon kawai yake yi, kuma ko makaho ya san akwai sunan da ya zo da fatan ji, wanda kunya ta hana shi tambaya. Ya yi gyaran murya ya dubi Clara.

"Tashi, 'yata. Ke matar kirki ce, na ji abin da kika yi. Allah ya raya ta."

Daga nan ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce wa abokansa shi zai koma, ya bar kaya a rana. Manniru ya ɗaga kai ya ga labulen tagar ɗakinsu ya motsa. Rumasa'u ce tsaye da jaririya a kafaɗa, tana kallonsa.

Ya ruga wurin allo yana bayani. Ya ce sunan gwaji ne, ba na gaske ba, kowane injiniya a duniya haka yake yi, abin da ya faru shi ne ba a sabunta rumbun bayanai ba kafin lokacin aikawa. Mai ayaba ya tambaya ko yanzu har suna ake gwadawa kamar takalmi. Manniru ya ɗauki kwamfuta, ta ƙi kamawa. Ya zaro wayarsa zai gyara ta can, wayar ta nemi zanen yatsa, yatsan kuwa ya sha dabino da gashin rago, ta ce ba shi ba ne. Ya goge a riga ya sake, ta ce ya jira. Ya finciko wayar wutar allon, allon ya ci gaba da haskawa, domin ya sa masa batir saboda kada a ɗauke wuta a ji kunya.

Abin da ya tsayar da Alhaji takalmi ne. Ya je inda ya cire su bai gan su ba. Na'urar shara ta tattara takalman jama'a ta tura su ƙarƙashin mota, ita ma ta maƙale a can tana kiran a taimake ta. Baffa ya kwanta da sanda yana zaƙulowa, ya fito da ƙafa ɗaya ya miƙa masa, ya koma neman ɗayar. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi guda a hannu, ya juya wa taron baya.

"Malam Manniru," in ji liman, "ajiye wayar nan. Ga kunnena nan, tun ɗazu yake jira."

Manniru ya ajiye. Ya tako tabarma da ƙafafu duk ƙasa, ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnen liman yadda ubansa ya yi a nasa sunan, ya faɗa. Liman bai ji sosai ba, sai da ya maimaita. Liman ya gyara zama, ya yi salati, ya ɗaga murya yadda har na bene za su ji.

"Jama'a, sunan yarinya Hadizatul Kubra. Allah ya raya ta, ya jiƙan mai sunan."

Alhaji bai juyo ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya laluba bencin maigadi ya zauna, ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi. Abokan kasuwarsa, waɗanda suka san Hajiya, suka sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a doguwa, kuma wannan karon Manniru bai duba agogo ba. Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa, aka kama rago aka yi da shi gindin bishiya. Wani ya ɗauko farantin nan da aka mayar ya fara zagayawa da goro.

Saura Clara. Tana tsaye a gefen tanki, ludayin har yanzu a hannunta, ta gane abin da ya faru. Ta yi ƙoƙarin dariya, ta ce ai ba komai, dama ita ma ta yi mamaki. Wayarta na ta ƙara, mutanen Kwali ne ke kira su taya ta murna, ta kife ta a cikin zani. Manniru ya je ya ba ta haƙuri yana sosa ƙeya, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta ce ya bari, Oga, ta juya za ta koma wurin tukwane.

"Kilara," in ji Alhaji daga kan benci. Ya share fuska, ya samu ɗaya takalmin. "Zo nan."

Ta zo ta russuna.

"Kin san al'adarmu. Sunan da aka sa wa yarinyar nan babu mai iya kiransa a gidan nan. Uwarta ba za ta kira sunan uwarta ba, wannan kuma," ya nuna Manniru da haɓa, "ba zai kira sunan surukarsa ba. Ni ma da na zauna da mai sunan duk tsawon shekarun nan ban taɓa faɗinsa a gabanta ba. Dole a nema mata wanda za a dinga kiranta da shi. To ga shi an riga an aika har Jidda. In kin ba mu aro, mun karɓa. Ki ce wa tsohuwa ta taho da tukunyarta."

Clara ta rufe baki da hannu, ludayi ya faɗi. Sai ta kwasa da gudu ta yi cikin gida, aka jiyo ta tana cewa a ba ta takwararta. Madam Janet ta yi tafi daga baranda. Manniru ya saci kallon taga, ya ga Rumasa'u tana share ido da gefen mayafi, tana dariya a lokaci guda.

Ganin haka sai ƙarfinsa ya dawo. Ya gyara wuyan rigar da rago ya yaga, ya tsaya a gaban allon da har yanzu ke zubar da taurari, ya ce in jama'a suka lura da kyau za su ga komai ya tafi daidai. Sunan gaskiya daga bakin liman aka fara jin sa, kamar yadda aka tsara. Laƙabi kuma ya isa ga dangi tun kafin a nema. Ya ce abin da mutane ba su gane ba ke nan, ita na'ura ba ta kuskure.

Alhaji ya zura takalmansa, ya dawo tabarma, ya sake cire su, ya zauna kusa da liman. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya dubi surukin nasa daga sama har ƙasa.

"Gaskiyarka, Manniru, na'ura ba ta kuskure," in ji shi. "Allah gafarta Malam, a ƙara mana Fatiha ɗaya, ta mai na'urar."

Tsakar gida duka aka ɗaga hannu, har da Baffa a bakin ƙofa da Madam Janet a bene. Manniru ya duba hagu ya duba dama, ya ga shi kaɗai ya rage, shi ma ya ɗaga nasa.